Kaskon Tsuntsayen Inna

Matar ɗana ce ta shigo da abin nan gidan. Ta dawo daga Kaduna, inda ta je bikin ƙanwarta, ɗauke da wani kwali da aka cusa wa tsummoki kamar an naɗe jariri, ta buɗe shi a tsakar gida tana ta murmushi. Na leƙa daga kan tabarmata. Wani ɗan kasko ne mai rufi kamar malafa, an yi masa tagogi a gefe, ga igiya a kansa, launinsa shuɗi yana ta sheƙi. Na ce na turaren wuta ne? Ta ce a'a. Na ce to asusu ne? Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, na tsuntsaye ne. A rataye shi a lambu, a zuba masu gero da ruwa, su riƙa zuwa suna ci." Na ce tsuntsayen wa? Ta ce na Allah. Nan take goron da ke bakina ya daina yi mini daɗi.

Da ta shiga ɗaki sai na jawo shi. Ni 'yar maginiya ce, hannuna ya san yumɓu tun kafin ya san muciya. Na ƙwanƙwasa shi da gaɓar yatsa, ya yi wata ƙara siririya kamar an taɓa tasa. Tukunyar Inna in ta gasu da kyau ita ma tana amsawa, amma muryarta ƙasa-ƙasa take. Wannan kuwa an gasa shi har ya koma dutse, na ɗiga masa ruwa ya gangare bai sha ko kaɗan ba. Wai mai sayarwa ya rantse mata da hannu aka gina shi, wai ma da irin farar ƙasar da ake haƙa a nan Ƙanƙara ake haɗa yumɓunsa. Na ce a raina, mai sayarwa ai babu abin da ba zai rantse a kai ba. Su kwashi ƙasarmu a mota, su shafa mata shuɗi, su dawo mana da ita a kwali. Sai da na kifa shi na ga sawun babban yatsa a gindinsa, inda maginin ya riƙe shi yana ɗanye, sannan na yarda mutum ne ya yi shi. Amma ba magininsa ne damuwata ba. Damuwata ita ce katangar gidan nan gajera ce, kuma akwai idanu a bayanta. Na taɓa ganin kaskon tsuntsaye ya raba mace da sunanta na kirki, ya raba ta da garin da ta yi aure ta haihu a cikinsa. Macen nan kuwa uwata ce.

Ƙauyenmu yana can gefen Ƙetare. Ba zan faɗi sunansa ba, don jikokin waɗanda zan ba da labarinsu suna nan da ransu, da wasunsu ma muna haɗuwa a gidan suna muna gaisawa kamar ba komai. Yanzu kufai ne, halin da ƙasar nan ta shiga ya watsa mutanensa, wasu suna nan Ƙanƙara, wasu Faskari, wasu ban san inda suka nufa ba. A lokacin kuwa cike yake. Ba zakara ke tashe mu ba, luguden daka ne, daga wannan gida a amsa a wancan, har yarinya takan gane taɓaryar uwarta a cikin taɓare goma. Sai ƙarar guga a bakin rijiya, da kukan jakin mai itace, da tarin tsofaffi masu dawowa daga masallaci. Yau da safe abin da nake fara ji injin niƙa ne da babur. Ina kewar wancan zamani, ba zan ɓoye ba, har hawaye nakan yi in na tuna ƙanshin ƙasa ran ruwan farko. Amma masu cewa mutanen da sun fi na yanzu tsarkin zuciya, jin su kawai nake yi. Na zauna da mutanen da, na san abin da suke iya yi wa mutum suna gaishe shi da fara'a.

Babana ya rasu ina 'yar budurwa, muka ci gaba da zama a gidan gandu ni da Inna. Gidan yana hannun Baffa, yayan babana. Ga Kaka, uwarsu, tana nan da ƙarfinta, ga Gwaggo, ƙanwarsu, wadda aurenta ya mutu ta dawo gida ta zauna a ɗakin Kaka. Abin da Inna ta mallaka biyu ne, 'yar gayauna, wato ƙaramar gona ta ƙashin kanta, da babana ya bar mata a bayan gari, da sana'ar hannunta. Da rani muke zuwa bakin rafi haƙo yumɓu, mu ɗauko a ka, mu jiƙa shi ya kwana, sannan a zuba masa dakakken tsingaro, wato fasassun tsofaffin tukwane, in hau in yi ta tattakawa har ƙafafuna su mutu. Inna takan kifa tsohuwar tukunya ta shimfiɗa yumɓu a bayanta, tana bubbugawa da wani ɗan dutse mai sulɓi, ɗas, ɗas, ɗas, tun hantsi har azahar. Ba ta son surutu in tana gini. In na cika ta da tambaya sai ta ce, "Ke, bakinki na busar man da yumɓu." Ran gashi kuwa sai an tara kara da ciyawa da busasshen kashin shanu a bayan gari, a jera tukwane a lulluɓe su, a cinna wuta, mu koma gefe muna sauraro. In ka ji fus a cikin wutar, ka san wata ta fashe. Randa, tulu, tukunyar tuwo, tanda ta masa, kaskon wuta na masu jego, duk gidan da ka shiga a ƙauyen nan da ƙauyukan kewaye sai ka tarar da hannun Inna. Har Maguzawan da ke unguwarsu a hayin rafi wurinta suke sayen manyan tukwanensu. Yanzu kowa roba, ruwa ya wuni a ciki ya yi ɗumi ya ɗauki wari, a sha a ce an ci gaba.

Akwai abin da 'yan yanzu ba za su gane ba sai na yi masu bayani, wato kunyar ɗan fari. A zamaninmu mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi, balle a gaban surukai. Da an yaye shi kakarsa ce ke ɗauka. Ko faɗuwa ya yi a gabanta sai dai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. Wadda ta fi kowa iya wannan ita ake yabo, a ce 'yar gidan mutunci ce. Yau matar ɗana tana kiran ɗanta na fari da sunansa tun daga ƙofar gida, tana sumbatarsa a gabana, ni ce ma nake kau da kai. Ni ta biyu ce a wurin Inna, shi ya sa na ci gata, tana kiran sunana tana yi mini kitso a cinyarta. Na san dai an haifi wani kafin ni, namiji, kuma ya koma tun yana ƙarami. Iyakar abin da na sani ke nan. Ba a maganarsa a gidan, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

Su kuwa tsuntsaye, a wurin manomi abokan gaba ne. Da gero ya fara ido, duk yaran ƙauye gona suke wuni. A kafa rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, a ja igiyoyi zuwa kowace kusurwa, a rataya masu gwangwanaye da fasassun ƙore, kana zaune a sama kana jijjigawa kana ihu har muryarka ta dushe. Maza suna da majajjawa, mu mata sai maƙogwaro. Wanda aka fi tsoro shi ne jan-baki, ɗan mitsitsin tsuntsu da ba ya tafiya shi kaɗai. In suka taso sai ka ga kamar hayaƙi daga nesa, in suka sauka a gona kafin ka sauko daga rumfa sun bar maka zangarniya fayau. A garin da ake wannan yaƙi, ka ce akwai mai zuba wa tsuntsu hatsi da gangan, ai ka san dole a dube shi sau biyu.

To Inna tana da kaskonta. Ita ta gina shi, mai faɗi marar zurfi, ta raba cikinsa biyu da ɗan bango, gefe ɗaya ruwa, gefe ɗaya tsaki. Ta kafa wani gwafa a bayan ɗakinta, gindin bishiyar kurna, ta ɗora shi a kai don kada kaji su kai gare shi. Kowace safiya, da ta idar da salla, kafin ta ce wa kowa ina kwana, sai ta wanke shi ta zuba sabon ruwa, ta watsa tsaki cikin tafin hannu ɗaya. Ko a shekarar da muke auna tuwo ba ta fasa ba. Kurciyoyi ne ke zuwa, da kanari, da 'yan tsada, su ci su sha su yi wanka su fantsala ruwa. Ita kuma ba ta tsayawa kallonsu, sai ta juya masu baya ta kama aikinta. Tun ina rarrafe na tarar da kaskon nan, ban taɓa ɗaukarsa wani abu ba. Mutane ma dariya suke yi. Mata in sun zo sayen tulu sukan ce, "Maginiya, baƙinki sun karya kumallo?" Ta ce, "Sun karya." Shi ke nan. Shekara da shekaru ana wannan wasa, ashe ajiye maganar ake yi.

Sai ga shekarar da jan-baki suka zo da gaske. Damina ta yi kyau, gero ya yi yadda ake so, mutane har sun fara gyaran rumbuna. Suka sauko mana daga gabas, kullum safe da yamma. Muka yi ihu, muka kaɗa gwangwani, manya suka bar komai suka shigo gona da ganguna da hayaƙi, duk a banza. Na ga Baffa, ƙaton mutum, ya zauna a kunyar gona ya riƙe kai. Gonar gandu ta tafi, gonakin maƙwabta suka tafi. Gayaunar Inna kaɗai ta tsira, don ita gero mai gashi ta shuka, irin da yayanta ya aiko mata daga Damari, wanda tsinin gashinsa ke tsokane wa tsuntsu ido. Kowa ya san wannan iri. Kowa ya san dalilin da ya sa ba a son shuka shi, ƙaiƙayinsa wurin sussuka ba kama hannun yaro. Da shuka ma sai da aka yi mata tsiya a kansa. Amma mutumin da ya kwana yana tunanin abin da zai ba 'ya'yansa har wata damina ba ya neman dalili, wanda zai ɗora wa yake nema.

Har yau ban san bakin da maganar ta fara fitowa ba, kuma na yi shekaru ina auna mutane ɗaya bayan ɗaya. Na zargi matar mai gonar da ke maƙwabtaka da tamu, don ita ce ta fara daina amsa gaisuwar Inna. Na zargi wata mai sayar da tukwane daga wani gari, wadda kasuwarta ba ta tafiya saboda mu. Na zargi na cikin gida. Abin da na sani shi ne, na je rijiya wata safiya mata suka yi tsit, wata ta janye ɗanta daga kusa da ni. Kafin kasuwa ta zagayo magana ta cika gari: maginiya ce ta kira tsuntsaye. Wai shekarun nan duk kiwonsu take yi, wai a kaskon nan take gaya masu gonar da za su ci da wadda za su bari, wai a hayin rafi ta koyo. Wata Bamagujiya tsohuwa, mai kirki, da ta ji abin da ake faɗa sai ta zo har gida da rana tsaka ta sayi randa don ta nuna ita ba ta yarda ba. Baiwar Allah, taimako ta zo yi, sai zuwanta ya zama shaida. Ba a fito an ce mayya ba tukuna, amma kalmar tana bakin kowa. Wanda ya san ƙauye ya san in ta fito ba ta komawa, kuma ba ta tsayawa kan mace ɗaya, har 'ya'yanta da jikokinta take bi.

Mai unguwa ya aiko a kira Inna. Na bi ta, na durƙusa a bayanta a ƙofar zaurensa. Maza sun cika wurin, ga Liman a gefe, ga Baffa, har Kaka an kawo ta an shimfiɗa mata buzu a bakin zaure, Gwaggo tana tsugune kusa da ita. Liman mutumin kirki ne, na ga alama so yake ya fitar da ita. Ya yi magana a hankali.

"Baiwar Allah, ba wanda ya ce kin yi wani abu. Tambaya ce. Hatsin ga da kike zuba ma tsuntsaye, na mine ne?"

Inna ta ce, kanta a ƙasa, "Sadaka ce, Malam."

"To madalla. Sadaka abu ce mai kyau. Ta wa? In ta mai gidanki ce, Allah shi jiƙanshi, ki hwaɗi kowa shi ji."

Wani daga baya ya ce, "Tun mai gidan nata na da rai take yi, Malam."

Liman ya ce, "To ta wa ce? Hwaɗi mana, magana ta ƙare nan."

Na ga Inna ta ɗago ido ta dubi inda Kaka take, ta dubi Baffa, sai ta ja mayafinta ta rufe fuska. Liman ya sake tambaya, ya sake, har muryarsa ta koma roƙo. Ina bayanta ina jin numfashinta, ina tsunkulin zanenta, ina cewa a raina ki faɗi ko ma mene ne, ki ƙirƙiro ƙarya ma in babu. Ba ta ce uffan ba. Aka fara gunaguni. A nan ne Baffa ya gyara murya ya ce shi yana da shawara: tunda kaskon ne abin zargi, a fasa shi. In kasko ne ke tara tsuntsaye, da an fasa za su watse, kowa ya huta, sunan gidansu ya wanku. Mai unguwa ya ce wannan magana ta yi. Liman ma ya gyaɗa kai, don yana ganin ya samo mata mafita.

Aka rako mu har gida. Inna ba ta bari wani ya taɓa shi ba. Ita ta sauke shi daga kan gwafa, ta zubar da ruwan a gindin kurna a hankali, ta shafa cikinsa da tafin hannu, sannan ta ɗaga ta sake shi a kan dutsen niƙa. Na sha jin tukunya ta fashe, a wuta da a ƙasa, amma ƙarar wannan tana kunnena har yau. Ta tsince gutsattsarin ta ƙulle a gefen zanenta, ba ta zuba su cikin tsingaron da muke dakawa ba. Mutane suka watse suna cewa to alhamdu lillahi. Ni ma na ji sanyi a raina, wauta ta sa na ɗauka an gama.

Manoma ne fa, sun san halin tsuntsu a gona kamar yunwar cikinsu, amma ba wanda ya taɓa ciyar da shi balle ya san halinsa a gida. Tsuntsun da ya saba da wuri ba ya sanin an fasa kasko. Washegari da sassafe sai ga su, kurciyoyi da kanari da 'yan tsada, a daidai lokacinsu. Suka sauka a kan gwafan da babu komai, suka jeru a kan dangar ɗakin Inna, suka cika kurna suna kuka. Da ta fito da buta sai suka taso suna shawagi a kanta, don sun san wannan hannun ne ke zuba masu. Kuma akwai masu leƙe ta kan danga, da ma sun yi sammako don su gani. Na ji muryar wata mace tana cewa, "Kun gani ko? Babu kasko, babu tsaki, ga su nan. Ashe ba kaskon ba ne, ita ce." Abin da aka ce zai wanke ta, shi ya ƙulle ta. Inna ta tsaya da buta a hannu, tsuntsaye na kewaya ta, ba ta kore su ba, ba ta kuma zuba masu ko ɗigo ba. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta tsufa a safiya ɗaya ba sai ranar.

Daga nan ba wanda ya sake sayen ko murfin tukunya a hannunta. Wasu suka fitar da randunan da suka saya tun da daɗewa suka kife a bayan gida, wai ba za su sha ruwa a ciki ba. Yara suna ganina su ruga. Ba a kore mu da baki ba, ba a yin haka, sai dai a bar ka da gari kamar ba ka cikinsa. Da aka gama girbi Inna ta aika wa yayanta a Damari, ya zo da jakuna biyu. Geron gayaunarta, wanda aka ce na tsafi ne, ta bar rabinsa a rumbun gandu saboda Kaka, kuma ban ji an ƙi ci ba. Gayaunar ma ta koma hannun Baffa tun ba mu yi nisa ba. Ban ce don ita ya kawo shawarar fasa kasko ba. Ban kuma ce ba don ita ba ne.

Ran da za mu tafi, ina ɗaure kaya a ɗaki, Gwaggo ta shigo ta tsuguna kamar za ta taya ni. Ta yi ƙasa da murya.

"Ke ɗiyar nan, kin san kaskon ga na wane ne? Na yayanki ne. Iro."

Ranar na fara jin sunansa. Ta ce bayan an yaye shi aka kai shi ɗakin Kaka, kamar yadda ake yi. Da bazara zazzaɓi ya kama shi, ana tsananin zafi. Ran da zai cika, Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa, ita Gwaggo aka bar wa shi, barci ya ɗauke ta. Yaron ya yi ta kiran ruwa. Inna tana tsakar gida tana daka, tana jin sa, ga Baffa da baƙinsa zaune a inuwa suna kallon ƙofar ɗakin. Inna yarinya ce a lokacin, an yi ta yabonta da kunya. Ta yi ta jira wani ya ji ya shiga. Da ta kasa daurewa ta yar da taɓarya ta shiga da moɗa, ya riga ya yi shiru. Ko kukan mutuwarsa ba ta yi a gaban mutane ba. Bayan kwana arba'in ta gina kaskon nan.

Na ce, "Gwaggo, kin san haka, kina zaune a ƙohwar mai unguwa, mi ya hana ki hwaɗi?"

Ta ce, "Ba a tambaye ni ba."

Ta tashi ta fita. Na daɗe ina juya amsar nan. Wataƙila tsoron maza ne, wataƙila ba ta so a tuna wadda barci ya ɗauke. Kaka ma ta sani, Baffa ma ya sani, ko aƙalla ya isa ya gane. Mutum uku suna zaune da kalma ɗaya da za ta fitar da ita, ita kuma kunyar su ukun nan ce ta rufe mata baki. Tun daga ranar na daina yarda da shirun mutane, kuma fara'arsu ma sai na juya ta na duba gindinta.

A Damari Inna ta ci gaba da gini, mutanen can suka saye, ta rayu har ta ga 'ya'yana. Amma ba ta sake gina kaskon tsuntsaye ba, kuma ko sau ɗaya ba mu yi maganar nan da ita ba. Da ta rasu, muna kwashe kayanta, na tarar da gutsattsarin nan a ƙasan tukunyar da take ajiye zannuwanta, a ƙulle cikin tsumma.

Shi ya sa da ɗana ya dawo daga aiki na ce masa kada a rataya abin nan. Ya yi dariya ya ce, "Hajiya, wa ke da lokacin wannan yanzu? A birni kowa na yi, ado ne." Na ce masa mutane ba su canja ba, abin zargin ne kawai ya canja. A garin nan yau mutum ya cika amsa waya a bayan gida ma sai an sa masa ido, a ce 'yan bindiga yake kai wa rahoto. Bai ji ba. Aka rataye shi a reshen gwaiba, a ɗan lambun da matarsa ta yi a gefen rijiya, inda ta shuka zogale da lalle da wasu furanni da ba a ci. Kwanakin farko ta yi ta ɗoki, tana zuba gero tana ɗaukar hoto da waya. Ni kuwa ina daga tabarmata ina lura da katanga. Tsuntsaye suka gano wurin, suka saba. Sai aka koma makaranta, ita malama ce, sammako take yi, ɗoki ya wuce, aka manta da kasko.

Wata safiya na idar da salla na ji kukansu. Na fito na tarar da su a kan gwaiba, kurciyoyi biyu da 'yan ƙanana, suna leƙa tagogin kaskon suna fitowa, ba ruwa ba hatsi. Ɗaya ta sauko bakin rijiya tana bin danshin siminti. Na ce ba ruwana, ba ni na kira su ba. Na koma ɗaki na zauna. Kukan ya biyo ni har can. Ban san lokacin da na ɗauki buta ba, na ɗebi gero cikin tafin hannu ɗaya, na lallaba da sandata har gindin gwaiba.

Ina cikin zubawa sai na ji an ce, "Ina kwana, Hajiya." Maƙwabciyarmu ce, ta hau turmi wai tana shanya a kan katanga. Shanya da sassafe haka, rana ba ta ko fito ba. Ta ce, "Ashe ke ma kin shiga kiwon tsuntsaye? Na mine ne haka?"

Na dube ta da kyau. Na ce, "Sadaka ce."

Ta ce, "Ayya. Ta wa?"

Na ɗaga murya yadda gidan da ke bayan nata ma za su ji. Na ce, "Ta yayana ce, Iro, ɗan farin Innata. Da ƙishirwa ya rasu."

Ta saki zanen da ke hannunta ta ce, "Allahu akbar. Allah shi jiƙanshi, shi kai ladar kabarinshi."

Iyakar abin da ake nema ke nan a ƙofar mai unguwa, da an same shi da Inna ta mutu a ɗakinta na aure. Na ce amin, na cika kaskon har baki. Amma ban juya baya ba sai da na ga ta sauka daga kan turmin.